Injin Raken da Ya Rage a Kudan

Da sunan Allah, Mai rahama, Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa.

Ni ne Lado mai mazarƙwaila, ɗan Sama'ila, mutumin Kudan ta ƙasar Zazzau. Ina faɗa da bakina, Malam Iliyasu limamin unguwarmu yana rubutawa, a shekara ta uku da samun mulkin kai, rake ya nuna a fadama ana shirin sara. Ƙafafuna sun kumbura, numfashina ba ya kai ni ƙarshen Fatiha sai na huta a hanya. Amma hankalina na nan daram, ba wanda ya tilasta ni, ba wanda ya sa mini magana a baki. Duk wanda ya ce daga baya ciwo ne ya yi magana ba Lado ba, shi da Allah.

Maganar nan taku ce ku uku. Kai Ya'u, ɗan farina, ka ji na kira sunanka, abin da bakina bai taɓa yi ba tun ranar da aka yanka maka rago. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, kuma ba ni da sauran lokacin kunya. Sai Zainulabidin, wanda na kai makaranta Zariya ya dawo yana gyara mini magana. Sai Lantana da ke aure a Paki. Uwarku Hajo tana zaune a gefena, duk abin da na faɗa a kunnenta ne.

Na ɗaya. Bashin da ke kaina guda ne, na Gambo maƙeri. Ya san abin da yake bina, ku biya shi kafin a taɓa komai, kuma kada ku tsaya ciniki da shi. Shi kaɗai ya rage a garin nan da ya iya gyaran haƙorin inji kuma bai zama yaron kowa ba. Ku riƙe shi da kyau.

Na biyu. Gida da gonakin tudu da rumbuna da awaki, a raba yadda Allah Ya ce. A fitar wa Hajo tumuninta, kada kuma wani ya ɗaga ta daga ɗakinta da sunan gyara ko faɗaɗa gida. Ba ni da fargaba a kan waɗannan, kun san su, dattawan unguwa ma sun san iyakokinsu.

Na uku, wanda saboda shi na sa aka kira liman: injin matse rake, da dawakai biyu masu jansa, da babban kaskon dahuwa, da filin da aka kafa su a bakin fadama. Kun tashi kun ga ƙarfen nan yana juyawa, kun ɗauke shi kamar turmin tsakar gida, abin da kullum yana nan. Ku saurara ku ji yadda aka yi ya zama shi kaɗai ne a ƙasar nan ba a hannun mutum guda ba.

Na saye shi shekarar da sojojin Bama suka dawo gida. A lokacin, daga Kudan zuwa Makarfi zuwa Gazara, mu masu inji mun fi ashirin, al'adarmu kuma guda ce. Manomi ya sare rakensa ya jibge a bakin inji, doki ya zagaya a matse, a dafa ruwan har ya yi kauri, a zuba a kwanuka. In ta daskare, mai inji ya ɗauki curi ɗaya cikin goma. Ba a ciniki. Abin kunya ne ma mutum ya tambayi lada kafin ya sare, kamar ka je gidan surukai ka tambayi kuɗin tuwo. In wani mai inji ya ɗaga maka hanci, ka ɗora wa jaki ka kai gaba. Abin da ya tsare manomi ke nan, ba kirkinmu ba. Mu ma ba waliyyai ba ne, tsoron maƙwabci ne ya gyara mana hali.

Sai dai rake ba dawa ba ne. Dawa ka zuba ta a rumbu ka jira kasuwa ta yi kyau. Rake kuwa in an sare shi, kwana biyu uku ya fara tsami, ruwansa ya ja, mazarƙwailarsa ta ƙi kamawa. Mutumin da ya riga ya sare rakensa, wuyansa na hannun mai inji har sai an sauke kasko. Duk mun san haka, amma Alhaji Tanko na Makarfi ne ya fara zama ya yi tunani a kai.

Zan faɗi gaskiya game da shi, don na kusa tsayawa gaban Wanda ba a yi wa ƙarya. Tanko bai taɓa tauye mudu ba, bai ƙwace gonar kowa ba, bai kai kowa gaban alƙali ba. Na je har ofishin hakimi na bincika ko akwai wata takarda da hukumar En'e ta ba shi, irin wadda kamfani ke riƙe da ita a fulotin auduga, inda ba ka da ikon sayar wa kowa sai su. Babu. Wallahi da akwai da na ji sanyi, don abin da takarda ta ɗaure wata takarda na iya kwancewa. Mu da muka sha wuyar sikelin auduga mun ɗauka sai da hukuma a bayan mutum yake iya tare kasuwa shi kaɗai. Mun ɗauka ranar da Bature ya naɗe tutarsa ya tafi, an gama. Ashe a tsakaninmu ma ana iya yi, da sallama da fara'a, ba ɗan doka ba dogari.

Da araha ya fara. Ya ce shi curi ɗaya cikin ashirin zai ɗauka, motarsa kuma ta zo har bakin fadama ta kwashe rake kyauta. Wa zai ƙi? Ni ma da noma kaɗai nake yi da na je. Rani biyu muna zaune a bakin injunanmu muna korar ƙuda, dawakai na cin harawa ba aiki, doki kuwa cikinsa bai san an yi ciniki ko ba a yi ba. Masu ƙaramin ƙarfi suka fara sayarwa, mai saye kuma guda ne. Waɗanda ya saya ma ba duka ya kafa ba. Na gani da idona a bayan gidansa, injuna kwance cikin ciyawa, kaji na yin ƙwai a ƙarƙashinsu. Ya saye su ne kawai don kada su juya.

Da muka rage kaɗan, rani ya zo, mutanen Nasarawan Doya suka sare rakensu kamar yadda suka saba, ba wanda ya tambayi komai, suka jibge a bakin injinsa. Sai da tarin ya kai tsayin mutum wakilinsa ya fito ya ce bana ɗaya cikin huɗu ne. Na ga dattawa masu furfura sun cire hula suna roƙo. Ya ce musu ba dole, wanda bai yarda ba ya kwashe abinsa. Gaskiya ya faɗa, ba dole. To ina za su kai? Waɗanda ke da jaki suka kawo mini, na matse har dokina ɗaya ya fara ɗingishi, ban ci rabin rabinsa ba. Sauran suka yarda. Bara ya mai da shi ɗaya cikin uku, mutum ya shekara cikin laka da sauro, wani ya raba da shi kamar tare suka yi noman.

Kai Zainu, ka sha gaya mini cewa kasuwa tana gyara kanta, in mutum ya tsawwala wani zai hango riba ya sayo inji ya karya shi. Maganarka da daɗin ji, kuma na so ta zama gaskiya fiye da yadda kai ka so. Ɗan'azumi na Gazara ya gwada ta. Ya sayar da shanunsa ya sayo sabon inji daga Kano, mutane suka yi ta murna. Mako bai zagayo ba Tanko ya kafa biyu, ɗaya gabas da shi ɗaya yamma, ya ce bana matsa kyauta ce a Gazara, sadaka ce ga mahaifiyarsa. Har addu'a aka yi masa a masallaci. Asarar da ya yi a Gazara mutanen Makarfi ne suka biya ba su sani ba. Da haƙorin injin Ɗan'azumi ya karye ya koma Kano wurin mai sayarwa, aka ce masa Alhaji ya riga ya kwashe duk na shekarar. Yau Ɗan'azumi yana tura rake a bakin injin da ya saya da shanunsa, ana biyansa ladan yini, sadakar kuwa ta ƙare ranar da ya sayar. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah, tun daga nan ba wanda ya sake gwadawa. Ka je ka gaishe shi, ka gaya masa abin da aka koya maka, ka ji amsarsa.

Ni bai karya ni ba saboda ina da rakena, ina da harawata, ina da Gambo, ina kuma da taurin kan da uwarku ta sha kuka da shi. Bayan haka ya gano hanyar da ta fi araha, wato haƙuri. Gona a ja igiya a raba ta, awaki a kora kowa nasa, amma ƙarfe ba ya yankuwa uku. Duk mai injin da ya mutu, magada su zauna su rasa yadda za su yi, sai a ce a sayar a raba kuɗin, ba rigima. Tanko ne farkon zuwa gaisuwa, da buhun gero, shi ne kuma na ƙarshen tashi. Ban ce hawayensa na ƙarya ba ne. Amma kafin sadakar arba'in inji ya hau motarsa. Haka aka yi da abokaina ɗaya bayan ɗaya, ina kallo. Ranar Juma'ar nan ya zo duba ni, ya kawo goro da turare, ya yi mini addu'a mai kyau, na amsa da zuciya ɗaya. Da zai fita na jiyo shi ya tsaya a turke yana tambayar shekarun dawakai.

Injina tsoho ne, ba ya iya matse rabin raken Kudan. Amfaninsa shi ne yana nan. Muddin yana juyawa, a garin nan Tanko bai taɓa wuce ɗaya cikin takwas ba, don ya san akwai inda za a kai. Har waɗanda ba su taɓa kawo mini ko kara ɗaya ba suna cin albarkacinsa, ba su sani ba. Ranar da ya tsaya, a ranar za su sani.

Na ce wa Malam ya rubuta cewa ba a sayar da komai na wurin nan har abada. Ya ajiye alƙalami ya ce ba zai rubuta ba, mai cutar ajali ba shi da iko sai da sulusin dukiyarsa, kuma babu wasiyya ga magaji. Na yi masa faɗa, daga baya na ba shi haƙuri, shari'a ce ba shi ya yi ta ba. Dattawa suka kimanta, sulusina ya ɗauki ƙarfen kaɗai. To ku shaida, na ba da ƙarfen nan hubusi, wato waƙafi, saboda Allah ga manoman raken Kudan, ba a sayarwa, ba a jinginarwa, ba a gado. Lada ɗaya cikin goma, kuma ladan na mai aiki ne da abincin dawakai. Amma dawakan da kasko da filin sun faɗa cikin gadonku, ba ni da ta cewa. Ƙarfe ba doki kuwa gawa ne, kuma dokin da ya iya zagaye ba a kasuwa ake samunsa ba, horo ake yi. Tanko ya san wannan. Ba ya ma buƙatar ƙarfen, in ya sami dawakan da filin ya gama.

Saboda haka daga nan ba umarni nake ba ku ba. Roƙonku nake yi, ni da ban taɓa durƙusa wa kowa ba sai Allah. Da ƙafafuna na lanƙwasuwa da na durƙusa muku.

Na huɗu. Lantana, na san mijinki zai ce ki karɓo rabonki a ƙara jari, kuma bai yi laifi ba. Ki roƙe shi ya bar shi a ciki, duk shekara a kawo miki naki a mazarƙwaila, ki sayar a Paki. Ba zai yi yawa ba, ba zan ruɗe ki ba. Amma ke ce kika fi sanin matan da ke kawo mana abinci a bakin inji, kin san 'ya'yansu da sunayensu, kin san da me ake saya musu riga.

Zainu, kai aikin ofis kake nema, Allah Ya ba ka. Rabonka ka bar shi a ciki, sannan ga aikin da na ba ka tunda Allah Ya hore maka baki. Duk shekara kafin sara, ka bi zaure zaure ka gaya wa mutane su daina jin kunyar tambaya. Kada kowa ya sa adda a gindin rakensa sai ya ji lada da kunnensa, a gaban shaidu, ko da a wurin yayanka ne. Kunyar nan ta dace da zamanin da muke da yawa. Za su ce ka zo musu da rashin ta ido irin na 'yan boko, ka jure, ai ka saba.

Na biyar. Zainu, kai da yayanka ba ku ci abinci kwano ɗaya ba tun ranar da ka ce masa a gaban mutane shi da dokin duk ɗaya ne, suna zagaye ba sa zuwa ko'ina. Kun ɗauka ban sani ba. Zagayen nan ne ya saya maka littafi da takalmi. Ka je ka tsuguna ka ba shi haƙuri, kada ka tsaya bayani, ba hujja ake nema a wurinka ba. Kai kuma Ya'u ka karɓa, ƙane ƙane ne ko ya yi gemu. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma wanda ke jiran tsagewar nan kun san shi.

Na shida, naka ne kai kaɗai, Ya'u. Ba wanda ya san aikinka kamar ni. Na ga ranar da inji ya cinye maka kan yatsa, ka ɗaure da tsumma ka koma bakin aiki don kasko na kan wuta. Na san tabon da ke hannuwanka ɗaya bayan ɗaya. Na kuma san bakunan da kake ciyarwa, da cewa ɗaya cikin goma ba ya ƙosar da su. An gaya mini Tanko ya yi maka tayin zama wakilinsa a kan injunansa na Ikara, da albashi da gida. Na ga sabon keken da ke jingine a zaurenka, na san ba daga kaskonmu ya fito ba. Ban tambaye ka ba, don tsoron amsar nake ji. Kwana nake yi ina juya ta a raina, ciwon ƙafar ma ya fi mini sauƙi.

Ban ga laifinka ba in ka gaji. Amma ka tambayi kanka me ya sa yake son ka. Yana da masu tura rake da yawa. Dawakan nan kai kaɗai suke jin muryarka, kai ka san lokacin da ruwa ya nuna ba sai ka ɗanɗana ba. Ba aikinka zai saya ba, rashinka a nan zai saya. In wurin nan ya mutu, ranar da ya ga dama ya rage maka albashi, kai ma za ka tarar ba inda za ka kai. Kuma wakilin da ke fitowa ya faɗa wa dattawa sabon lada bayan sun sare, wata rana kai ne, a Ikara, ga mutanen da suka san ubanka. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Ka mayar masa da kekensa, ɗana, ƙafa ba ta taɓa kashe kowa a gidanmu ba.

Na bakwai. Jiya manoman fadama suka zo, sun cika zaure har waje. Sun ji ba ni da lafiya, suna tambaya su sare ko su dakata su ga abin da Allah zai yi. Rake ya nuna, in ya wuce lokaci shi ma asara ne. Na ce musu su sare, injin Lado zai juya. Ran Asabar za su fara. Da bakina na yi alkawarin, amma da hannunka na yi shi, don nawa ko moɗa ba ya ɗagawa.

Idan Allah Ya karɓi abinSa alhali rake na ƙasa, kada a tsai da aiki saboda zaman makoki. Kwana ukun da za ku zauna a zaure kuna karɓar gaisuwa sun isa rake ya yi tsami, dole mutane su kwasa su kai inda na ce musu ba sai sun kai ba. Ku yi mini wanka, ku sallace ni, ku rufe ni, ku dawo daga maƙabarta ku ɗaura doki a inji. A shimfiɗa tabarmi a bakin inji, mai son yin gaisuwa ya same ku a can. Za a ce 'ya'yan Lado ba su yi jimamin ubansu ba. Malam zai gaya musu ni na ce. In Tanko ya zo ku tarbe shi da mutunci, ku ba shi ruwa, ku amsa addu'arsa, ya zauna cikin hayaƙin kasko kamar kowa ya ga abin yana juyawa. Geronsa a raba wa mabuƙata a gabansa.

Allah Ya yi muku albarka ku uku, Ya albarkaci abin da kuka haifa. Allah Ya ba ku halal mai isarku, Ya tsare ku daga ranar da za ku tsaya gaban wani ba ku da inda za ku juya. Ku riƙe uwarku, ku riƙe juna, kada a ji kanku a gaban alƙali. Na yafe muku abin da na sani da wanda ban sani ba, ku ma ku yafe mini.

Ko kun sayar na yafe, ba zan shiga kabari da fushin ɗa ba. Abu ɗaya ne ba zan iya ɗauka ba, a tashe ni gobe kiyama raken mutane yana tsami a ƙasa a kan maganata. Shi ya sa na ce wa Malam kada ya jira bayan raina, ya karanta muku wannan yau bayan la'asar. Ya'u, in ka riga ka ba Tanko hannu, kada ka bari Asabar ta yi. Ka shigo ka gaya mini tun ina da numfashin da zan aika a ce musu kada su sare. Ba zan yi maka faɗa ba, ba zan ko ɗaga ido in dube ka ba in hakan ya fi maka sauƙi. In kuwa ba ka ba shi ba, ka shigo ka gaya mini wannan ma, in samu in yi barci. Na sa an ɗage labulen ɗakina, ina jiranka.